Ƙadangaren Ƙasar Wuta, Mai Haihuwa Cikin Sanyi

Babu gidan hakimi ko ofishin malami a ƙasar nan da za a rasa ƙadangare a jikin bango. Saboda sabo har ba mai kula da shi, sai fa yara masu harbi da danƙo. Amma wanda ya natsu ya dube shi zai ga halinsa na bazara dabam ne da na hunturu. Da bazara, tun rana ba ta yi tsawon mashi ba jan-gwada ya hau katanga yana jinjina kai. Da hunturu kuwa sai hantsi ya dubi ludayi kafin ya leƙo, in ma ya fito sai ya lafe a gefen da rana ke bugu, jikinsa ya yi duhu, tafiyarsa ta yi nauyi, har yaro ya iya cafke shi da hannu.

Dalili shi ne ƙadangare ba shi da ɗumin jiki nasa na kansa. Mutum da doki da kaza, abincin da su ka ci shi ke zama musu makamashi, ya riƙe jikinsu a zafi ɗaya dare da rana. A ma'aunin zafi na santigiret, inda ruwa ke daskarewa a kan 0 ya tafasa a kan 100, jikin mutum mai lafiya yana kan 37 ko da rani ko da damina. Ƙadangare da damo da guza da maciji kuwa aron ɗumi su ke yi daga rana. In ba su samu ba, ba su iya gudu, ba su iya narkar da abinci.

To, in hunturunmu na wata biyu ko uku yana yi wa ƙadangare haka, yaya zai yi a ƙasar da watanta mafi zafi bai kai daren hunturun Kano ɗumi ba? Akwai ƙasa irin wannan, kuma akwai ƙadangare cikinta. Labarinsa za mu karanta a wannan darasi.

Inda ƙasar ta ke

Wanda ya buɗe taswirar duniya ya dubi Amurka ta Kudu zai ga tana da faɗi daga sama, sa'an nan ta riƙa tsukewa tana yin kudu kamar wutsiyar kada. Ƙasashe biyu su ka raba wutsiyar, Ajantina daga gabas, Cile daga yamma, yankin kuwa ana kiransa Patagoniya. A can ƙarshen wutsiyar akwai wani babban tsibiri wanda ya ɗan ɗara Jihar Kaduna girma. Wani siririn teku ne ya raba shi da babbar ƙasa. Cikin 1520 wani matuƙin jirgin ruwa mutumin Fotugal mai suna Magelan, wanda ke yi wa Sarkin Sifen aiki, ya bi ta wannan mashigi, shi ya sa har yau a ke kiransa Mashigin Magelan. Mutanen jirginsa sun hangi wutar da mazauna wurin ke hurawa a bakin gaɓa, sai aka sa wa tsibirin suna Tiyera dal Fuwego, watau Ƙasar Wuta. Sunan yana da ruɗi, gama wutar jin ɗumi ce su ka gani. Tun yarjejeniyar 1881 Cile ke riƙe da yammacin tsibirin, Ajantina ke riƙe da gabashinsa.

Kano tana kan daraja 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ƙasar Wuta tana tsakanin 53 da 55 kudu da shi. Saboda tana wancan ɓangare, lokatanta a juye su ke da namu: cikin Disamba da Janairu, sa'ad da mu ke fama da hunturu, su lokacin ne su ke cikin ɗan zafinsu, cikin Yuni da Yuli kuma sanyinsu ke tsananta. A garin Riyo Girande, wanda ke bakin teku ta gabashin tsibirin, matsakaicin zafin watan Janairu bai wuce 11 ba, na Yuli kuwa yana wajen 0. Cikin Disamba rana ta kan yi sa'a 17 ba ta faɗi ba, cikin Yuni ba ta cika sa'a 8 a sama.

Kudancin tsibirin duwatsu ne da kurmi da dausayi, kullum cikin yayyafi da inuwa. Arewacinsa fili ne fetal, ba itatuwa, sai wata ciyawa mai tauri mai fitowa dunƙule-dunƙule kamar gamba, da 'yan gajerun sagagi. Ruwan saman da ke sauka nan cikin shekara bai kai rabin na Kano ba. Abin da ya fi damun kowa a filin nan shi ne iska. Daga yamma ta ke tasowa, mai ƙarfi ce mai sanyi, kuma ta fi tsananta a watannin da a ke sa ran ɗumi.

Ƙadangaren kansa

A wannan fili na arewacin tsibirin, da kuma ƙetaren mashigi a kudancin Patagoniya, a ke samun ƙadangaren da masana ke kira Liolaemus magellanicus, watau ƙadangaren Magelan. Shi kaɗai ne mai jan ciki a tsibirin duka: ba maciji, ba kunkuru na tudu, ba tsaka. A duniya kuma babu wani ƙadangare da aka sani mazauninsa ya kai nasa nisa ta kudu.

Waɗansu likitocin jirgin ruwa biyu mutanen Faransa, Hombron da Jacquinot, su su ka fara siffanta shi a rubuce, cikin 1847. Suna cikin ayarin bincike na Dumont d'Urville, wanda ya ratsa Mashigin Magelan a ƙarshen 1837. Turawan Ingila sun laƙa masa sunan da ke nuna wai mai hawan itace ne, alhali kuwa inda ya ke zaune babu itacen da zai hau, a ƙasa ya ke rayuwarsa duka.

Ƙarami ne ƙwarai. Daga hanci zuwa gindin wutsiya bai wuce inci biyu da rabi ba, wutsiyar kuma kusan haka. In aka ajiye shi kusa da jan-gwada sai a ce ɗansa ne. Launinsa toka-toka mai sirkin kore, da zane-zane farare daga wuya zuwa wutsiya, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe tsakaninsu, har in ya lafe cikin ciyawa sai mai ido ƙwarai ke ganinsa. Abincinsa ƙwari, ya kan haɗa da ɗan ganye da 'ya'yan tsire-tsire. Danginsa na Liolaemus suna da yawa, sun fi iri 250, daga ƙasar Peru har zuwa nan, waɗansu a hamada, waɗansu a bakin teku, waɗansu a kan duwatsun Andis inda tsawo ya wuce ƙafa 16,000. Gidansu gidan jure sanyi ne, shi dai ne ya fi kowa yin nisa.

Yadda ya ke samun ɗumi

Abu na fari da ya kamata a gane shi ne zafin iska dabam, zafin ƙasa dabam. Kowa ya taɓa taka fā da tsakar rana cikin hunturu ya san dutse ya kan ɗauki zafi ko da iska tana da sanyi. Ƙadangaren Magelan da wannan ya dogara. In rana ta fito, sai ya nemi bayan dunƙulen ciyawa ko gindin sagagi inda iska ba ta kai, ya shimfiɗa cikinsa kan yashi ko dutse, ya baje haƙarƙarinsa don rana ta sami wurin bugu. Ƙanƙantarsa ta taimake shi, gama ƙaramin jiki ya fi saurin ɗaukar zafi, kamar yadda ruwan moɗa ya kan riga na tulu ɗumi. Sai dai kuma ya kan riga shi hucewa. Gajimare na rufe rana, ko iska ta juyo, sai ya koma maɓoya. Yininsa duka ke nan, fita da shiga.

Waɗansu masana na Ajantina sun auna wannan al'amari, su ka buga sakamakonsu cikin 2010. Sun kama ƙadangarun a fili sun auna zafin jikinsu nan take, sa'an nan su ka kai su ɗakin gwaji, su ka sa su cikin wani dogon akwati mai zafi a kai ɗaya da sanyi a ɗaya kan, don kowanne ya zaɓi inda ya ke so. Da aka ba su zaɓi, sai su ka riƙa zama inda jikinsu ke haura 30, daidai da son sauran 'yan'uwansu na ƙasashen ɗumi. A fili kuwa abin da su ke samu ashirin da 'yan kai ne kawai. Ashe ba son sanyi ya ke yi ba, haƙuri ya ke yi da shi. Kusan dukan ransa yana farauta yana gudun tsuntsaye da jikin da bai gama ɗumama ba. An ce damo sarkin haƙuri, amma a ganinmu wannan ɗan tsurut ɗin ya cancanci a raba sarautar da shi.

In sanyi ya kama sosai, wajen watan Afrilu, sai ya shige rami ko ƙarƙashin dutse ko cikin saiwar sagagi, ya kwanta kamar matacce. Numfashinsa ya ragu, bugun zuciyarsa ya ragu, ba ci ba sha, dusar ƙanƙara ta rufe bisa. Kimanin rabin shekara ya kan yi haka. A nan rashin wutar jiki ya zama masa riba. Ɓera mai girmansa dole ya ci abinci kullum don ya riƙe ɗuminsa, in ya rasa na 'yan kwanaki ya mutu. Ƙadangare kuwa abin da jikinsa ke ƙonawa bai fi kashi ɗaya cikin goma na ɓeran ba, in ya yi sanyi ma abin ya ƙara raguwa. Ɗan kitsen da ya tara a ciki da wutsiya ya ishe shi har rana ta komo.

Batun haihuwa

Duk dabarun nan na babba ne, mai ƙafafun da za su kai shi rana su komo da shi. Ƙwai fa? Nan ne wuyar ta ke, nan ne kuma ainihin darasinmu.

Macen ƙadangarenmu na gida, in damina ta kusa, ta kan haƙa ɗan rami a ƙasa mai laushi, ta zuba ƙwai kamar biyar zuwa takwas, ta rufe, ta yi tafiyarta. Ba ta kwanci kamar kaza. Ƙasa ce ke yi mata kwanci, gama ƙasarmu tana da ɗumi dare da rana, bayan wata biyu ko da 'yan kwanaki sai 'ya'ya su fasa su fito. A Ƙasar Wuta in aka binne ƙwai haka, ba abin da zai fito. Ɗan yatsa kaɗan ƙarƙashin ƙasa sanyi ne ko cikin Janairu. Ɗan da ke cikin ƙwai girmansa ya dogara ga ɗumi. In ɗumi ya yi ƙaranci sai girman ya yi ta jan ƙafa, ƙanƙara ta riske shi bai gama ba. Ƙwai kuma ba ya tashi ya bi rana.

Sai macen ƙadangaren Magelan ta zama ita ce ramin. Ba ta zubar da ƙwan, cikin cikinta ta ke riƙe shi har 'ya'ya su cika. Ɓawon ƙwan bai yi tauri ba, ya zama 'yar tantani kawai. Gwaiduwa ke ciyar da ɗan kamar kullum, jikin uwa kuma yana ba shi ruwa da iskar numfashi. Ko'ina ta tafi da su ta ke tafiya. In rana ta bugi gabashin dutse tana can, in ta juya yamma ta bi ta, in dare ya yi ta shige da su rami inda sanyi bai kai na waje ba. Ta haka 'ya'yan ke samun ɗumin da ƙasa ba ta iya ba su. A tsakiyar lokacin zafinsu, wajen Janairu zuwa Fabrairu, sai ta haife su da rai, da cikakkiyar sura, suna iya gudu da kamun ƙwari.

Kada wannan ya zama abin musu ga mai karatu, domin muna da misalinsa a gida. Manoma da maharba sun san kāsā ba ta yin ƙwai a rami, 'ya'ya ta ke haifa, masu yawa kuwa. In aka haɗa ƙadangaru da macizan duniya duka, kimanin ɗaya cikin biyar masu haihuwa ne. Masana sun bi asalinsu sun ga wannan hali bai fito daga kaka ɗaya ba, ya ɓullo dabam-dabam fiye da sau ɗari, galibi kuwa a wuraren sanyi, ko kan duwatsu ko nesa da tsakiyar duniya. Cikin dangin Liolaemus ma haka abin ya ke: na ƙasa-ƙasa masu ɗumi suna ƙwai, na kan Andis da na kudancin Patagoniya suna haihuwa.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi daga Turai ta ke. Akwai wani ɗan ƙadangare can mai suna Zootoca vivipara, wanda mazauninsa ya kai har arewacin ƙasar Norwe, wajen daraja 70. A kusan dukan ƙasashen da ya ke, haihuwa ya ke yi. Amma a arewacin Sifen da kudu maso yammacin Faransa, shi ɗin dai, iri ɗaya, ƙwai ya ke sakawa. Za a lura 70 ta fi 54 nisa. Na Turai ya sami ƙasa shimfiɗe a gabansa da ruwan teku mai ɗumi da ke sassauta sanyin Norwe. Na Magelan kuwa filinsa ne ya ƙare.

Haihuwar nan ba kyauta ba ce. Mace mai ciki ta kan yi nauyi, gudunta ya ragu, ga shi kuwa tilas ta daɗe a sarari tana shan rana inda shaho ke ganinta. Ciki ya cika da 'ya'ya, wurin abinci ya ƙuntata. 'Ya'yan da ta ke haifa kaɗan ne, ana ƙirga su da yatsun hannu, sau ɗaya tak cikin shekara, wata shekarar ma sai ta huta kafin ta tara ƙarfin ɗaukar wani cikin. Su kuma 'ya'yan, daga ranar haihuwa zuwa ranar shiga rami ba su da fiye da wata biyu ko uku. Wanda bai tara kitse cikin wannan ɗan lokaci ba, ba zai farka ba. Don haka irin wannan dabba in aka rage ta a wuri, ta kan daɗe ba ta mayar da yawanta ba.

Yadda ya shiga tsibiri

Mai karatu zai tambaya, ƙadangaren da ba ya iyo cikin ruwan ƙanƙara, wa ya ƙetarar da shi? Da ƙafarsa ya shiga. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe manyan sassan duniya, ruwa mai yawa ya daskare a kan tudu, teku ta janye, gabashin mashigin nan ya zama busasshiyar ƙasa. Mutane ma ta nan su ka shiga, da wata dabba dangin raƙumi marar tozo mai suna gwanako. Da ƙanƙara ta narke, kimanin shekara dubu takwas zuwa dubu goma da su ka wuce, teku ta komo ta datse hanya, waɗanda ke ciki su ka zauna ciki.

Tumaki, zomaye da yanyawa

Shekaru dubbai filin nan yana hannun wata ƙabila ta maharba, Selknam, masu farautar gwanako da kwari da baka. Daga wajen 1880 baƙi su ka shigo, da fari neman zinariya, sa'an nan kiwon tumaki. Cikin 1893 aka kafa wani babban kamfanin kiwo wanda ya kame fili mai yawan gaske ya kewaye da waya. Abin da aka yi wa Selknam abin baƙin ciki ne: aka farauce su da bindiga, aka kwashe waɗansu, cututtukan baƙi su ka ƙarasa saura, har cikin shekaru kaɗan 'yan ƙalilan su ka rage.

Tumaki kuwa su ka canza fuskar ƙasar. Duk hakimin da ya taɓa raba gardamar makiyaya ya san abin da dabbobi ke yi wa fili in sun fi ƙarfinsa: ciyawa ta gajarce, kofato ya daddaɓe ƙasa, iska ta kwashe ta. Akwai wani ɓera mai haƙa rami a tsibirin wanda tumaki su ka rurrushe wa gidaje har ya ɓace daga wurare da yawa. Ga ƙadangare kuwa, dunƙulen ciyawar nan shi ne zaurensa, shi ne garkuwarsa daga iska, shi ne kuma kasuwar da ya ke samun ƙwari.

Cikin 1936 aka saki zomayen Turai guda huɗu kusa da garin Porbenir, a ɓangaren Cile. Kafin 1953 an ƙiyasta sun kai miliyan 30, suna cinye ciyawar tumaki. Masu kiwo su ka rasa yadda za su yi, sai cikin 1951 aka kawo wata irin yanyawa mai ruwan toka daga babbar ƙasa, guda 24, aka saka don ta cinye su. Ba ta yi maganinsu ba. Wata cutar zomaye da aka kawo daga Barazil cikin 1954 ita ta karkashe su. Zomaye su ka tafi, yanyawa ta zauna ta yaɗu, tana cin abin da ta samu na ƙananan dabbobi da tsuntsaye da ƙwari. Ta zama ƙadangaren bakin tulu a ƙasar ƙadangare. Tun 1945 kuma, da aka sami man fetur a arewacin tsibirin, hanyoyin mota da rijiyoyin mai su ka ƙaru a filin.

Duk da haka ƙadangaren Magelan bai shiga sahun dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu ba. Ƙungiyar duniya mai lissafin irin waɗannan dabbobi ta sa shi cikin waɗanda ba a cika damuwa da su ba, domin mazauninsa yana da faɗi a ɓangarorin mashigin biyu.

Saura batun ɗumamar duniya, wadda ta sa masana su ka mai da hankali kan ƙadangaru masu haihuwa. Dabbar da ta bar yin ƙwai da wuya ƙwarai ta koma gare shi. A kan duwatsun Andis, in zafi ya ƙaru, masu ƙwai su kan sami damar hawowa, masu haihuwa kuma su matsa sama har dutse ya ƙare. Na Magelan halinsa ya ɗan bambanta. Tun da jikinsa bai taɓa samun ɗumin da ya ke so ba, ƙarin zafi kaɗan zai iya zama masa sauƙi da fari: ya fito da wuri, ya daɗe yana kiwo, 'ya'ya su cika da sauri. Abin dubawa shi ne ciyawa, ko za ta jure fari a ƙasar da ruwanta dama kaɗan ne, ga tumaki a kai. In filin ya lalace, ba shi da wurin matsawa. Kudu da shi kurmi ne mai inuwa wanda rana ba ta kai ƙasa, bayan kurmi duwatsu masu ƙanƙara, bayan duwatsu teku mai faɗin mil 500, a ƙetarenta kuma Antatika, nahiya ɗaya tak a duniya wadda babu ƙadangare ko maciji cikinta.